Kafin Ka Sa Fensir a Fuskar Mahaifiyarka

Azare,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Abba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa ka isa Zariya lafiya, Ya haɗa ka da masauki na kirki da maƙwabta na kirki. Mu nan duk ƙalau muke. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare ka a hanya da a masauki, Ya tsare maka idonka da hannunka da harshenka, amin.

Bayan haka, ga abin da ya sa na rubuto. Fim ɗin hoton mahaifiyarka da ka tafi da shi, kada ka sa masa fensir, kada kuma ka ba wani ya sa masa, sai ka karanta takardar nan har ƙarshe. In ka gama, hoton naka ne, shawara ta rage gare ka.

Ka tuna ranar Asabar da la'asar, ana gobe za ka tafi, ka same ni a zaure ka miƙo mini hoton da ka ɗauke ta tana tsince wake a gindin rumbu. Ka ce, "Baba, me ka gani?" Na duba, na ce, "Ya yi kyau." Sai ka ce an gaya maka a Zariya akwai masu gyaran fim da fensir har fuska ta yi sumul, kana ganin tsagar fuskarta ta fito da baƙi da yawa, in ka je za ka sa a sassauta ta. Na ce, "To." Ka tsaya kana jira in ƙara wani abu. Na ga kana jira. Na ɗauki buta na fita alwala, alhali da sauran lokaci.

A littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, layi ɗaya na iya rubutawa ranar: "Yau na yi wa yaron nan abin da na yi shekaru ina hana mutane yi."

Kai ne na fari. Ka san yadda muke da ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zauna in yabe ka ido da ido. Da farko na ce kunya ce ta rufe mini baki. Da na zauna na auna, sai na ga kunya ba ta kai rabin dalilin ba. Sauran tsoro ne, don amsar tambayarka tana haɗe da wani laifi nawa da ban taɓa gaya maka ba. A takarda na fi iya magana. Ka yi haƙuri da tsawonta. Na buɗe tsofaffin littattafaina na bi kurakuraina ɗaya bayan ɗaya, don an ce mini a makarantarku akwai samari masu ɗaukar hoto suna nuna wa juna, kuma na san za ka shiga cikinsu.

Kana ƙarami lokacin da na sayi akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin mayafi a hannun wani Bayarabe mai ɗaukar hoto, wanda ya yi rani ɗaya a garin nan ya wuce. Irin na gilashi ne, ba irin ƙaramar kyamararka ta fim ba. Ban daɗe da fara koyarwa a elimantare ba. A lokacin mu uku ne masu wannan sha'awa a Azare: ni, da Malam Jibo malamin dabbobi, mutumin Shira, da wani malamin asibiti da aka yi wa canji daga baya. Duk Lahadi da la'asar muna zama a rumfar Malam Bukar tela, wanda kake ce wa Baba Tela. Ba don ya san hoto muke zama wurinsa ba, don rumfarsa ta fi inuwa ne. Kowa ya fito da abin da ya wanke a makon, a miƙa hannu zuwa hannu. In ya iso gare ka sai ka ce, "Ya yi kyau." Mai hoto ya ce, "Madalla." A wuce na gaba.

Kusan shekara muka yi haka. Na duba littafina na shekarar, babu Lahadin da na rubuta cewa na koyi wani abu. Abin da ya fi ba ni kunya, sau da yawa ina ganin aibu ina yin shiru, in koma gida in rubuta shi a littafi inda mai hoton ba zai taɓa gani ba.

Wata Lahadi Malam Jibo ya kawo hoton duwatsun Shira. Muka ce ya yi kyau. Malam Bukar yana kan keken ɗinki, ya miƙo hannu ya ce, "Ku ba ni in ga abin da kuke ta yi wa kirari." Ka san wasan da ke tsakanin Barebari da Filani, shi Babarbare ne, ni da Malam Jibo Filani, ba ya raga mana. Ya riƙe hoton nesa da fuska kamar yana duba tsayin riga, ya ce, "Jibo, dutsen nan zubewa zai yi?"

Malam Jibo ya ce, "Wane irin zubewa?"

"Ga shi ya kwanta hagu. Ko kai ne ka tsaya da ƙafa ɗaya yadda kuka saba a bayan shanu?"

"Kai bawana, me ka sani a hoto? Ɗinka wandonka."

"Hoto ban sani ba. Karkatacce na sani. In na ɗinka maka aljihu haka, za ka ce ya yi kyau?"

Muka sake dubawa. Dutsen a karkace yake, kuma dukanmu mun gani tun farko. Malam Jibo ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar nan ce Malam Bukar ya kafa mana doka a rumfarsa. Ya ce duk wanda aka miƙa wa hoto, ba shi da izinin cewa "ya yi kyau" sai ya fara faɗin abin da ya gani: mene ne a ciki, ina idonsa ya fara sauka, ina ya tafi daga nan. Ya ce kalmar nan kamar naɗe riga ce a miƙa wa mai ita, ana yin ta ne bayan an gama ɗinki.

To, Abba, in abokinka ya miƙo maka hoto, ka faɗa masa abin da ka gani tukuna. Wanda ya yi tattaki ya ɗauka, ya shiga ɗaki mai duhu cikin zafi ya wanke, ya cancanci a duba aikinsa da gaske. "Ya yi kyau" da sauri sallama ce, kamar ka ce masa ya ɗauki abinsa ya ba ka wuri. Ni ne na fi kowa nanata wannan doka a rumfar, ni ne kuma na karya ta a kanka.

Kuskurena na biyu a wajen karɓa ne. Dokar ta yi mini daɗi muddin hoton wani ake dubawa. Wani hutu na je Katagum, na ɗauki wani mai fito a bakin kogi yana tsaye cikin kwalekwalensa. Na yi shiri sosai. Na jira rana ta koma bayana, na ƙirga daƙiƙun buɗe ido yadda littafin Turanci na koyon hoto ya ce, na rubuta komai. Da na wanke, har reshen ciyawa ana gani a ruwa. Na kai rumfa ina jin babu mai abin cewa.

Malam Bukar ya ce, "Na ga ruwa, na ga kwalekwale, na ga mutum. Idona ya fara sauka a kansa, sai ya hau sama. Malam, me ya tsiro masa a ka?"

Wata gora ce da aka kafa a ƙetaren kogi, ta zo daidai tsakiyar hularsa. Maimakon in duba, sai na fara bayani. Na ce gorar tana can nesa. Na ce ba ni na kafa ta ba. Na fito da littafina na karanta musu lokacin da na ɗauka da yawan daƙiƙun da na ƙirga. Har na ce littafin Turawa bai hana ba. Malam Bukar ya bari na gama, ya ce, "Duk na yarda. Amma in hoton nan ya je Kano, za ka bi shi kana yi wa kowa wannan bayani?"

Na yi fushi. Lahadi uku ban je rumfa ba. Abin da na rubuta game da shi a makon farko ba zan maimaita maka ba, na ce mutumin da bai san baƙin boko ba yana gyara wa wanda ya gama Midil. A mako na biyu na ɗauko hoton don in tabbatar wa kaina ni ne da gaskiya, sai na kasa ganin komai sai gorar. Har yau in na dube shi ita nake fara gani.

Shi ya zo gidana, ba ni na je ba. Ya yi sallama ya ce, "Bafilatani ya yi yaji, na zo biko." Ya zauna ya fito da wani hoto daga aljihu. Ashe Malam Jibo ya ce masa tun da bakinsa ya iya, ya ɗauka a gani, ya ara masa kyamara. Hoton kekensa na ɗinki ne, ya fito dishi-dishi don hannunsa ya motsa. Ya ce, "Ga nawa. Rama." Na ce na ga keke kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Ya ce, "Haka ne. Ta ina zan gyara?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce rana ba, bai ce kyamarar aro ce ba. Na nuna masa yadda zai dafa gwiwar hannu a jikinsa ya riƙe numfashi. Ya gwada nan take a zaure da kwanon sha a madadin kyamara. Ban taɓa ganin mutumin da gyara ke shiga jikinsa da sauƙi kamarsa ba, kuma a shekara biyu ya fi mu duka iya ɗaukar mutane.

In an gaya maka aibun hotonka, ka rufe baki ka duba inda aka nuna. Kada ka yi bayani, hoto ba ya tafiya da mai shi. In maganar ta yi maka zafi, rubuta ta ka ajiye, ka sake duba hoton bayan kwana uku. Wani lokaci za ka ga mai maganar ne bai gani daidai ba, wannan ma yana faruwa, sai ka bar abinka yadda yake ba tare da rigima ba. Amma ka jira kwana ukun. Ni a ranar farko ban taɓa iya bambance gaskiyata da fushina ba. Ina zaton ka gado wannan, ko da yake ka fi ni iya ɓoyewa.

Na uku shi ne wanda na cuci wani da shi. Da na koyi faɗin gaskiya sai na wuce wuri. Malam Jibo ya kawo hoton wata saniya da ɗan maraƙinta a wata ruga kusa da Giade. Na karɓa na tafi da shi gida, na ce zan duba a tsanake. Lahadi ta gaba na dawo masa da takarda, na jera aibu bakwai, da lamba, da jan fensir, yadda nake yi wa 'yan aji uku. Na karanta a gaban kowa. Dukansu gaskiya ne, na sake dubawa daga baya. Malam Jibo ya yi murmushi ya ce, "To, Malam, na ci ko na faɗi?" Aka yi dariya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da muka tashi Malam Bukar ya riƙe ni. Ya ce, "Ka tambaye shi abin da ya sa ya ɗauki saniyar?" Na ce a'a. Ya ce, "Ita ce wadda ya kwana biyu yana jinya kowa ya ce a yanka. Ta tashi, ga ta har da ɗa. Shi wannan ya kawo mana. Kai ka auna masa kunnuwa."

Malam Jibo ya ci gaba da zuwa rumfa, yana duba na kowa, yana tsokanar Malam Bukar kamar kullum. Amma bai sake kawo nasa ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, shi dai hannunsa ne ya gaji. Daga baya ya bar wa Malam Bukar kyamarar gaba ɗaya. Har aka mai da shi Shira ban sake ganin hoton da ya ɗauka ba. Ban san tabbas ko takardata ce ta jawo ba. Na daɗe ina so in yarda ba ita ba ce.

Ka duba yadda Malam Bukar yake yi, ka sha gani. Yana da ƙyalle biyu baƙaƙe, ragowar yanka, kowanne ya lanƙwasa kamar kusurwar ɗaki. In ya ga wani abu ya yi yawa a hoto, ba ya cewa a yanke. Sai ya ɗora ƙyallayen a kai, ya matsa su a hankali har su rufe abin, ya ce, "Duba haka." Sannan ya ɗauke ya ce, "Duba haka." Ya bar mai hoto ya zaɓa. Mutumin da almakashi ke hannunsa tun safe har yamma, bai taɓa sa shi a hoton wani ba. Kuma abu ɗaya yake nunawa a zama ɗaya, wanda za a iya gyarawa. Na tambaye shi dalili, ya ce in ka soka wa mutum allura bakwai lokaci guda ba zai san wacce ce ta ɗinki ba.

Ka tambayi mai hoto abin da yake so a gani kafin ka gaya masa abin da ya hana a gani. Ka zaɓi abu ɗaya. Kada ka sa hannu a aikin wani, nuna masa ka janye.

Yanzu na zo ga wanda nake ta kewayewa.

Kana da shekara bakwai kakarka ta wajen uwa ta zo daga garinsu a ƙasar Barno don sunan ƙanwarka. Ba ta son hoto, ta ce ba ta ga dalilin da mutum zai bar fuskarsa a takarda ba. Mahaifiyarka ta yi ta lallashinta har ta yarda sau ɗaya. Na zaunar da ita a tsakar gida da hantsi, na ɗauka a gilashi ɗaya. Bayan kwana biyu ta tafi.

Ka san yadda gilashi yake, kamar fim, baƙi yana fitowa fari, fari yana fitowa baƙi. Da na ɗaga shi a haske, tsagarta ta Barebari ta fito sirara-sirara, ta goshi zuwa karan hanci da na kumatu, kamar an ja su da allura. A lokacin na kai babin gyaran fuska a littafin nan na Turanci. Ya ce mai gwaninta yana cike layukan fuska da fensir mai tsini, ɗigo-ɗigo, har fata ta yi sumul, kuma masu hoto suna murna da haka. Wanda ya rubuta littafin tamojin tsufa yake nufi. Bai san da tsaga ba. Ni na sani, a gidana take, amma na bi littafi. Na ce zan girmama surukata in fito da ita fes. Katin buga hoto ya kusa ƙare mini, don haka ban buga ko ɗaya ba kafin in fara. Ban kuma nuna wa kowa gilashin ba, ina so in ba su mamaki. Yamma uku na yi a bakin taga da madubin ƙara girma. A aikin hannu, ban taɓa yin wanda ya kai shi tsabta ba.

Na buga na kai rumfa. Malam Bukar ya karɓa yana murmushi, ya ce, "Na ga tsohuwa, na ga mayafi." Sai ya matso da shi kusa da idonsa. Ya ce, "Wace ce?"

Na ce, "Surukata mana. Kai da ka zo suna ka gaishe ta."

Ya ce, "Filani sun daina satar shanu sun koma satar mutane da fensir? Ka ɗauki Babarbariya ka wanke ta ta fito ba ta kowa ba." Ya fara da wasa ne, amma bai yi dariya ba. Ya ajiye hoton a kan keke, ya taɓa kuncinsa inda tasa tsagar take, ya ce, "Malam, wannan ba datti ba ne. Da ita za a gane ta a kasuwar da ba ta san kowa ba. Uwarta ce ta riƙe ta aka yi mata. Ka buga wani kafin ka gyara?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Da ka kawo gilashin nan tukuna."

Wannan karon ban yi bayani ba. Na koma gida da sauri in goge fensirin. Nan ma ban tambayi kowa ba. Na sa auduga da ruwa, siririn ɓawon da hoton ke kai ya jiƙa ya saɓule daga goshi har haɓa. Gilashin ya tashi daga aiki. Abin da ya rage kati ɗaya ne, mai fuskar da ba ta da tsaga. Na ce in ta dawo baɗi zan sake ɗauka. Ba ta ga ƙarshen damina ba, Allah Ya jiƙanta.

Da na miƙa wa mahaifiyarka katin, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Sannu da aiki, Malam." Ta sa shi a ƙasan adakarta. Da kake tambaya kana yaro ko akwai hoton Kaka, aka ce maka babu, ga dalilin.

Saboda haka, duk abin da za ka gyara, ka buga ɗaya tukuna yadda ya fito. Ka nuna wa wani kafin ka taɓa, ba bayan ka taɓa ba. Kuma kafin ka share wani abu a fuskar mutum, ka tambayi wanda ya san fuskar.

To, ga amsar tambayarka, bisa dokar rumfa.

Na ga mace zaune a kan tabarma, faifai a cinyarta, kanta ya ɗan sunkuya, amma idonta ya ɗago kamar an kira ta. Idona ya fara sauka a kuncinta na dama inda hasken safe ya bugo daga gefe. Daga nan ya bi tsagar ya gangaro zuwa bakinta, inda dariya ke shirin fitowa ba ta fito ba tukuna, ya sauka a hannunta cikin wake. Ni littafi ya koya mini in sa rana a bayana, shi ya sa fuskokin da na ɗauka duk suka fito a shafe. Kai ka sa ta a gefe. Ban san wanda ya koya maka ba, ba ni ba ne. Shekara ashirin ina zaune da matar nan, ban taɓa kama wannan kallon a gilashi ba, kai ka kama shi da ƙaramar kyamara. Tsagar ba ta yi baƙi da yawa ba. Hasken gefe ne ya ba ta zurfinta, kuma ita ce hanyar da ido ke bi a hoton.

Aibu ɗaya: akwai kwanon sha a kusurwar hagu ta ƙasa, rana ta buge shi yana ƙyalli, yana fizgar ido daga fuskar. Wannan ba aikin fensir ba ne, in za ka sake bugawa sai ka rufe gefen.

Ranar Litinin na kai wa Malam Bukar katin hoton da ka bari. Ya ce, "Na ga 'yar'uwata." Ya ɗora ƙyallayensa, shi ma kwanon ya rufe. Ni na ƙara da cewa inuwar rumbu ta yi nauyi a bayanta, shi ya ce a'a, ita ce ta tura fuskar gaba. Mun yi gardama ba mu daidaita ba, na gaya maka duka biyun ka duba da kanka, ko da yake ina zaton shi ne da gaskiya. Ya ce in gaya maka jinin uwarka ne ya ɗauki hoton nan, don Bafilatani ba zai iya ba. Ya kuma yanka maka ƙyalle biyu irin nasa, ga su cikin ambulan.

Ya kamata in tambaye ka abin da kake so a gani, ban tambaya ba. Wataƙila wani ne ya ce maka tsaga ta zama abin ƙauye, ko kana tunanin yadda samarin Zariya za su dube ta. In haka ne ka rubuto mini mu yi magana, ba zan yi maka jan fensir ba.

Shekaranjiya na dawo daga makaranta na sami mahaifiyarka a ɗaki, adaka a buɗe. Ta ɗora hoton da ka ɗauke ta a kan tabarma, ga na Kaka a gefensa, wanda ban sake gani ba tun ranar da na miƙa mata. Ta ce, "Malam, zo ka gani. In na dubi wannan sai in ga idonta. In na dubi na yaron nan sai in ga sauran. Irin tamu ɗaya ce, wanzami ɗaya ya yi mana." Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce ban taɓa ba ta haƙuri a kan hoton nan ba. Ta ce, "Ka bayar. Shekara nawa ke nan ba ka ɗauki fuskar mutum ba, sai itatuwa da kogi? Ina gani." Sannan ta ce, "Na ji abin da ya ce maka a zaure ranar Asabar, na kuma ji abin da ka ce. Ka rubuta masa."

Ga shi na rubuta. Katin da ka bari ta riƙe, ta jingina su biyun a kan jeren kwanoninta inda duk mai shiga zai gani. In ka sami hali ka bugo mini nawa, daga fim ɗin yadda yake. Ko da kwanon ka bar shi, ina so.

Na faɗi abin da na gani, yanzu ina da izini. Abba, ya yi kyau.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka abokai masu gaya maka gaskiya da taushi, Ya sa kai ma ka zama haka gare su. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na gari, Ya dawo mana da kai lafiya, amin.

Ni ne mahaifinka,
Malam Garba.